Madubin da Baba Ya Auna

Wata bakwai na yi ina zagaya wani tsohon duro a siton surukina a Fagge, ina murza gilashi a kan gilashi, kuma har yau in na tuna sai wuyan hannuna ya amsa. A shekarun nan ne da kuɗin mai ya shigo gari, kowa ya haukace da saye-saye. Abokan aikina a sakandaren da nake koyar da kimiyya, wannan ya sayi babur, wancan rediyo mai kaset, wani ma ya ɗauko firji ya rasa inda zai ajiye shi a ɗaki ɗaya. Ni da Allah ya jarrabe ni, sai na aika ƙasar waje aka turo mini faifan gilashi biyu masu kauri, kowanne faɗin faranti, da ƙulle-ƙullen garin guga, da wani ɗan littafi. Wai ni zan haɗa madubin hangen taurari da hannuna. Ɗaya faifan shi ne madubin, ɗayan kuma magogi ne kawai. Kayan sun fi rabin shekara a hanya saboda jiragen ruwa sun yi cincirindo a Ikko, don haka tun farko na san in na ɓata gilashin nan babu wani.

Surukina, wanda duk layin ke kira Baba, ɗan kasuwar yadi ne a Kantin Kwari. Bayarabe ne, amma tun yana ƙarami aka zo da shi Kano, kuma Hausarsa ta fi tawa daɗin ji. Mutum ne marar hayaniya, farar riga kullum, tafiya a hankali. Da ya ji 'yarsa tana ƙorafin na mayar mata da ɗaki maƙera, sai ya aiko aka ce in zo in duba sitonsa na bayan gida. Dogon ɗaki ne na ƙasa, babu taga, katangarsa da kauri, ga sanyi ko da rana tsaka. Ban taɓa ganin wurin da ya dace da aikin kamarsa ba.

Ina tsakiyar guga aka aiko masa daga garinsu can kudu cewa wansa ya rasu, dangi sun ce shi ne babba yanzu, ya koma ya riƙe gida. Ya sa ranar tashi bayan Babbar Sallah, kuma kowa ya san tafiyar ba ta dawowa ba ce. Wata safiya ya tsaya a ƙofar siton yana kallona ina zagaye kamar raƙumin ban ruwa, ya ce, “Malam, shekara arba'in ina hawa soro duban jinjirin wata, ban taɓa ganin komai ba sai ɗan farin zare. In wannan abin naka zai matso da shi kusa, ina so in gan shi sosai kafin in bar Kano.”

Na durƙusa na ce, “In Allah ya yarda za ku gani, Baba. Tun kafin azumi ma.” Bakina ne ya ja mini, domin babu wanda ya tambaye ni lokaci.

Gugar farko aikin ƙarfi ce, kowa ma zai iya. Kwarmi ake yi wa fuskar gilashin, kamar kasko marar zurfi, don hasken da ya faɗo kanta ya tattaru wuri guda. Wahalar tana ƙarshe, bayan gilashin ya yi sumul yana ƙyalli, ya rage a ba kwarmin ainihin siffarsa. Bambancin madubi mai kyau da na banza bai kai kaurin gashi ba, ko kusa. Ido ba ya ganinsa, yatsa ba ya jinsa, sai da dabara. A jingine madubin a ƙarshen ɗaki, a rufe ƙofa ruf. A wannan ƙarshen a kunna ƙwan tocila a cikin gwangwanin madara da aka huda da allura. Hasken ya je ya bugi madubin ya dawo, kai kuma ka sa ido a bayan bakin reza, kana matsar da ita gaba ko baya da wani noti, har inuwa ta rufe wurin da kake dubawa bai ɗaya. Na yanka kwali mai tagogi na rufe madubin da shi, ya raba shi zobe biyar daga cibiya zuwa baki, kowane zobe da inda rezar ke tsayawa. A jikin notin akwai faifai mai lambobi da allura, kamar fuskar agogo, shi ke faɗin nisan da rezar ta yi. Kowane awo lambobi biyar yake bayarwa.

Matsalar ita ce mai kallon inuwa ba ya ɗaga kai. Da ka kalli haske don karanta lamba, idonka ya wartsake, sai ka sake zaman jiran ya saba da duhu. Dole wani ya zauna a gefe da ƙaramar tocila a lulluɓe cikin hula, ya karanta ya rubuta. Da Baba ya ji haka ya yi murmushi ya ce, “Awo ai sana'ata ce, Malam. Bar mini wannan.” Daɗi ya kama ni, wallahi. Muka riƙa yi bayan sallar Asuba, kafin manyan motoci su fara girgiza ƙasa. In ce, “Nan, Baba,” in ji ƙarar alƙalaminsa a kan takarda, in wuce zobe na gaba.

Wanda ya san zaman suruki ya san halin da nake ciki. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa kallon tsabar idonsa ba, ko sunansa ba ya fita daga bakina. Sai kuma in leƙa ta kafaɗarsa in duba ko ya rubuta daidai? Ko a mafarki abin bai zo mini ba. Yana miƙo takardar nake karɓa da hannu biyu in cusa a aljihu.

Lambobin nan biyar ba sa magana da kansu, sai an bi su da dogon lissafi kafin su faɗa maka inda tudu yake da inda rami yake. Na gwada da fensir sau biyu, kowanne ya cinye mini yini guda, kuma amsoshin suka ƙi haɗuwa. A nan abokina ya shigo. Tun muna 'yan makaranta muke tare, yana zaune a Sabon Gari, yana aiki a ofishin wani kamfani kusa da Bata inda suka girke kwamfuta. Ba irin ta yanzu ba da ake sawa a jaka. Ɗaki guda ta cinye, ɗakin da sanyi kamar cikin randa, kuma sai ka tuɓe takalmi za ka shiga. Abokina ya karɓi littafina ya kwana biyar da shi, ya rubuta abin da jikokina ke kira manhaja, mu a lokacin firogiram muke cewa. A jikin katuna masu huda-huda aka rubuta shi, tuli guda, ya ɗaure da roba. Ran Asabar da rana, in manajansu ya tafi, sai ya huda lambobina a wasu katunan, ya haɗa, ya ɗura wa injin.

Abin da ke fitowa doguwar takarda ce mai ratsin kore da fari. A tsakiyarta layuka biyu a miƙe, sannan wasu ƙananan taurari da injin ya buga a jere, su ne fuskar madubina daga cibiya zuwa baki. In duk taurarin suka faɗa tsakanin layukan nan biyu, an gama. A ƙasa kuma abokina, don neman magana, ya sa injin ya riƙa rubuta hukunci da Turanci, ko a ci gaba ko a huta. Sau ɗaya a mako ake samun wannan damar. Ka auna, ka kai, ka jira Asabar, ka dawo ka goga, ka sake aunawa.

Takardar farko ta ce a ci gaba, kuma ban damu ba, na san da saura. Ta biyu ma haka. Ta uku ce ta fara ɓata mini rai. Taurarin sun taso lafiya lau daga cibiya, suna isa zobe na huɗu suka tsallake layin sama suka yi gaba abinsu. Abokina ya ɗora yatsa ya ce, “Ka zarce, mutumina. Ka yi zurfi da yawa. Koma baya.” Na koma na bi littafi, gajeriyar guga, hannu sakayau, ina mayar da abin da na sha wuya na tono. Asabar ta zagayo, takarda ta ce har yanzu na zarce, kuma ga sabon tudu ya tsiro a zobe na uku. Na yi ɗan magogi na kwalta kamar kan babban yatsa, na bi zoben nan ina lallaɓa shi kwana huɗu. Takarda ta gaba ta ce babu tudu, rami ne, kuma ni na haƙa shi.

Haka muka yi ta yi. Bazara ta shigo, kwaltar da ake shimfiɗa wa magogi ta riƙa narkewa tana lotsewa kafin hantsi, sai na sake dafa wata. Wata Asabar aka ɗauke wuta injin yana tsakiyar aiki, mako guda ya tafi a banza. Wata kuma manajan ya ƙi tafiya gida, ya zauna yana shan shayi har Magariba, ni ina rakuɓe a gindin bishiya a waje kamar mai neman aiki. Ga hanyar Bata ta zama abin da ta zama, sababbin motoci sun cika titi, kowa ya saya babu wanda ya koyi haƙuri, ni da kekena ina kutsawa tsakaninsu da takarda a cikin riga. In na iso gida matata ta kalli fuskata kawai, ta ajiye mini tuwo.

Baba kuwa kowace Asabar da yamma yana zaune a zaure, sai ya ce, “Malam, me injin ya ce?”

“Ya ce saura kaɗan, Baba.”

“To, Allah ya nufa.”

Babu gaggawa a muryarsa, kuma wannan ya fi ci mini rai fiye da a ce ya yi faɗa. Ina gani ana ɗaure akwatunansa ɗaya bayan ɗaya, ya miƙa wa 'ya'yansa maza shago, ya fara zaga abokansa yana sallama. Azumi ya zo ya wuce, alkawarina ya bi shi. Muka sha Ƙaramar Sallah madubi yana jingine a sito.

Na zargi duk abin da za a iya zargi. Na canza reza sau shida. Na canza ƙwan tocila. Na rataya bargo a ƙofa don kada iska ta shigo. Na riƙa riƙe numfashi in ina duban inuwa har kaina ya riƙa juyawa. Na aika matata ta roƙi matan gidan su jinkirta daka har sai mun fito, abin da ya sa har yau wata ƙanwarta in ta gan ni sai ta tambaye ni ko an ba su izinin ɗaga taɓarya. Akwai wata kyanwa da ke kwana a siton, ita ma na kore ta, na ce ɗumin jikinta ne ke karkata haske.

Sai zazzaɓi ya kwantar da ni mako guda, ban taɓa madubin ba ko da yatsa. Da na miƙe na ce bari in gwada wani abu. Muka auna ran Talata, muka sake aunawa ran Juma'a, na kai wa abokina duka biyun na ce ya ɗura. Takardu biyu suka fito, madubi ɗaya, babu wanda ya goge shi a tsakani, amma sai ka rantse na mutum biyu ne. Ta Talata ta ce na zarce kaɗan. Ta Juma'a ta ce na zarce har na fita daga takardar.

A nan na fashe. Na ce, “Injin nan naka mahaukaci ne! Wata nawa yana wasa da hankalina?”

Ya ce, “Injina ba shi da ra'ayi, mutumina. Abin da ka ba shi yake taunawa. Je ka likita ya duba maka ido.”

“Idona ne ya huda katunan? Kai dai ka yi kuskure a lissafi, girman kai ya hana ka dubawa.”

“To ɗauki fensirinka ka koma. Dama roƙona ka yi.”

Na kwashi takarduna na fita ko takalmi ban ɗaura daidai ba. Kwana huɗu ba mu yi magana ba, mu da ba mu taɓa yin fushin yini ɗaya ba. A rana ta biyar ya aiko a ce in zo da duk takardun da Baba ya rubuta, tun ta farko. Na same shi a ɗakinsa a Sabon Gari, maƙwabcinsa ya ƙure garmaho, ana suyar doya a tsakar gida. Ya shimfiɗa takardun a ƙasa a jere, ya tsuguna a kansu yana bi da bakin biro.

Ya ce, “Na bi firogiram ɗin layi-layi sau uku, babu kuskure. Amma zo ka ga wani abu. Wa ke karanta maka lambobin nan?”

“Surukina.”

“Duba ƙarshensu. Sifiri, biyar, sifiri, sifiri, biyar. Wata shida ana awo, allura ba ta taɓa tsayawa a kan uku ko bakwai ba? Sannan ware na ran Juma'a gefe guda ka gani. Duk sun fi na sauran kwanaki tsawo.”

Na duba, haka ne. Amma na ce, “Kul! Mutumin da ya shekara arba'in yana awo? Kada ka sake.”

Ya ce, “Surukinka ne, ba nawa ba. Gobe da Asuba ina zuwa.”

Ya zo kuwa. Ya durƙusa ya gaida Baba, ya ce sha'awa ce ta kawo shi, yana so ya ga yadda ake yi. Baba ya yi masa maraba ya nuna masa buhu ya zauna a bayansa. Aka rufe ƙofa. Na sa ido a bayan reza. Zobe na ɗaya, na biyu, na uku, ina ta cewa “Nan, Baba.” Da muka kai na biyar, alƙalami ya yi ƙararsa ya tsaya, sai na ji muryar abokina a hankali.

“Baba, a gafarce ni. Na ga allurar tana kan tamanin da biyu, ku kuma kun rubuta casa'in.”

“Haka ne, ɗana,” in ji Baba, ko gezau. “Takwas ɗin gyara ce.”

Gyara, wato ɗan ƙarin nan da mai sayarwa ke ɗora wa mai saye bayan an gama awo. Na ɗauka ban ji daidai ba. Baba ya ci gaba da bayani cikin natsuwa, har da ɗan alfahari, kamar mai koya wa yara alwala.

“Tun ran da ubangidana ya damƙa mini sandar awo ban taɓa yanka wa mutum yadi cif a kan layi ba. In yadi biyu ne in saki yatsa biyu. In mai yawa ne in saki taƙi guda, domin gyara tana bin girman awo. Ran Juma'a kuma in ƙara, saboda albarkar ranar. Ina tsoron in tsaya gaban Ubangiji a ce na tauye wa wani. Balle Malam, mijin 'yata. Shi zan auna wa cif-cif kamar baƙo?”

Wato zoben baki, da yake lambarsa ta fi girma, shi ya fi shan gyara. Shi ya sa kullum injin ke cewa na zarce. Wata shida ina goge aikin kirki da hannuna, ina kashe tudun da babu shi, ina cike ramin da babu shi, ina zagin reza da kyanwa da abokina.

Da na yi shiru na minti ɗaya da dariya za mu yi, mu uku, har hawaye. Na sha faɗa wa kaina haka. Amma ban yi shirun ba. Na miƙe na banko ƙofa haske ya shigo, na juyo na kalli Baba cikin ido, karo na farko tun da na auri 'yarsa, na ce, “Wata shida, Baba! Wata shida kuna kallona ina kashe kaina! Wannan ai ha'inci ne. Awon ƙarya kuka yi ta rubuta mini!”

Abokina ya ce, “Kai!” amma magana ta riga ta fita.

Baba ya rufe alƙalaminsa ya soke a aljihu. Ya zaro tocilar daga cikin hular, ya kashe, ya ajiye a kan duro tare da takardar. Sannan ya dafa gwiwa ya miƙe, ya ce, “Allah ya ba ka haƙuri, Malam.” Ya sa takalminsa ya fita, da irin tafiyarsa ta kullum.

Kafin in isa gida labari ya riga ni, domin matan gidan suna tsakar gida suna jiran izinin daka. Matata ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, “Da zaginsa ka yi ta uwa ta uba da ya fi masa sauƙi. A Kwari in an yi gardamar awo shi ake kira ya raba. Kai kaɗai ne a duniya ka taɓa ce masa maha'inci, kuma a gaban baƙo.” Kunya ta rufe ni, irin wadda ban taɓa ji ba, amma don ƙarfin hali na ce ai ni ma an cuce ni. Ta dube ni ta shige ɗaki.

Sau uku ina zuwa ba shi haƙuri. Na farko ni kaɗai, na biyu da kawuna, na uku da limamin unguwa. Kowane zuwa amsarsa ɗaya ce, da fara'arsa: “Ba komai, Malam, ya wuce. Ni ne ban san aikinku na boko ba.” Gaisuwa ba ta canza ba, in an yi girki mai daɗi a gidan ana aiko mana kamar da. Sai dai bai sake taka ƙofar siton ba, kuma bai sake tambayata abin da injin ya ce ba.

Abokina ya zauna da tsofaffin takardun ya yi ta cire gyarar da ka, yana kintatawa. Ya ce ba zai rantse ba, amma a ganinsa tun takarda ta uku madubin ya kusa shiga tsakanin layukan. Na ce ya yi mini shiru. Saura mako biyar Sallah, ya koma kwana a Fagge wajen wani ɗan'uwansa don ya riƙa karanta mini lamba da Asuba. Da aka ba injin gaskiya sai ya zama mai hankali. Inda ya ce tudu, tudu ne, in na goga ya kwanta. A Asabar ta huɗu taurarin suka jeru tsakanin layukan nan biyu, ɗaya bai leƙa waje ba, a ƙasa kuma aka rubuta a huta. Abokina ya daki kafaɗata yana ihu a ɗakin da ba a ɗaga murya. Ni dai na naɗe takardar, ban ji komai ba sai gajiya.

Sauran aikin a guje aka yi shi. Wani mai yin madubin kwaba a Sabon Gari ya shafa wa fuskar gilashin ruwan azurfa. Maƙerin kwano ya naɗa mini bututu, kafinta ya yi masa ƙafa, ƙaramin gilashin da ake sa ido kuma daga wani fasasshen tabaron hangen nesa na ciro shi.

Ana saura kwana biyu Sallah, wata yana da kwana takwas, na kafa abin a ƙofar gidan Baba bayan Magariba. Raguna suna ta kuka a kowane lungu. Na juya bututun na sa ido, sai da na dafa ƙafar katakon. Ga watan nan kamar in miƙa hannu, fari tas, ramuka a cikin ramuka, kowanne da inuwarsa, ga tsaunuka a bakin duhu rana tana taɓa kawunansu. Ban san lokacin da na yi salati ba. Kafin ka ce me, layi ya kai bakin masallaci. Masu shago, masu wankin hula, tsofaffi, kowa ya sunkuya sai ya ɗago yana kabbara, wani ya zaga ya leƙa bakin bututun ko hoto na liƙa a ciki.

Na tura matata ta faɗa wa Baba. Na ɗauka ba zai fito ba, sai ga shi da farar rigarsa, mutane suna buɗa masa hanya. Na durƙusa na ce, “Baba, ga alkawari.” Na daidaita bututun da kaina, na sa wata a tsakiya cif, na riƙe don kada ya motsa.

Ya cire hularsa ya ba matata, ya sunkuya a hankali. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da mai kallo ya san hasken wata yana fitowa ta ƙaramin gilashin ya sauka a kan idon mutum, ɗan farin ɗigo kamar ƙwayar gero. Ina tsaye dab da shi, ina ganin ɗigon. A kan fatar idonsa ya sauka. Idon a rufe yake.

Na jira ya buɗe. Na ce a raina ƙila haske ne ya yi masa yawa. Ya daɗe a sunkuye, daidai yadda kowa ya daɗe, don kada a ce ya wulaƙanta ni a gaban jama'a, kuma har ya ɗago bai buɗe ba. Babu wanda ya lura sai ni.

Ya karɓi hularsa ya ce, “Madalla, Malam. Allah ya yi wa aiki albarka.”

Wani maƙwabci ya ce, “Baba, me kuka gani?”

Ya ce, “Ku tambayi Malam, shi ya san abin da ke ciki.” Ya juya ya shiga gida.

Mutumin da ke biye da shi a layi ya sunkuya, ya ɗago ya ce shi bai ga komai ba sai duhu. Ashe wata ya riga ya gusa ya fice daga bututun, kuma sai da mutumin ya taɓa ni sau biyu kafin na tuna ni ne mai juya shi.